Gam Ɗin Kawu Jibirin

Mako shida Taufiq ya yi yana jiran gasket guda ɗaya daga Legas. A cikin makonnin nan babu wanda ya wuce ta gaban sabon garejinsa da ke bakin titi a Gwarzo bai tsaya ya leƙa motar ba, ya ga cikinta wayam kamar ragon da aka feɗe, sannan ya tambaye shi ko masu jana'iza ake jira. Yakan ce musu gasket ake jira. Sai su yi dariya, don duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san gasket ba abin jira ba ne. Shimfiɗa ce kawai da ake sawa tsakanin gangar injin da kansa, don kada wuta da ruwa da baƙin mai su haɗu. Akwai shi jibge a rumfunan Ƙofar Ruwa a Kano. Idan na injin ban-ruwa ne ma, a nan Gwarzo akwai masu yanka shi da almakashi daga kwalin sabulu.

Motar ta Mahbub ce, ɗan wani attajirin hatsi a Kabo, saurayin da ƙarar injin ta fi masa daɗi a kunne fiye da muryar kowa a gidansu. Tsohuwar motar Jamus ce mai silinda shida, ta girme shi da shekaru, kuma an ɗora mata tabo, wato na'urar da ke ɗura wa injin iska har ya yi ƙarfin da waɗanda suka ƙera shi ba su yi niyya ba. Da ita yake wasan mota, yana juya ta a fili har taya ta yi ƙauri. Sau biyu kanikawan birni suna rufe masa injin, sau biyu yana fasawa. A karo na uku ya kawo wa Taufiq, ya ce abu ɗaya yake so: ranar Asabar ɗin bikin yayansa motar ta shiga filin ƙwallo na Kabo ta fito da ƙafarta. Samari za su zo da motocinsu daga Kano da Zariya da Katsina, kuma kowannensu yana neman bakaniken da zai amince wa.

Taufiq ya san abin da ke gabansa. In motar ta yi, waɗannan motocin duk ƙofarsa za su biyo. In ta fasa, zai koma gyaran injin niƙa da babur mai kafa uku har furfura ta cim masa.

Shi ya sa bai yi gaggawa ba. Ya kai kan injin Kano aka goge fuskarsa har mutum yana ganin haƙoransa a ciki. Da yake gugar ta rage masa kauri, ya auna, ya ga dole sabon gasket ya ɗan fi na asali kauri. An miƙo masa na gama-gari har kala uku, masu jiki kamar kwali, ya mayar, don irinsu ne wutar tabo ta cinye sau biyu. Sil ɗin bawul ma, 'yan ƙananan robobin da ke hana baƙin mai zurarewa cikin wuta, ya ƙi baƙaƙe, ya nace sai masu launin ruwan ƙasa, masu jure zafi, har mai shagon ya ce masa, "Malam, sil za ka saya ko mata za ka aura?" Gasket ɗin da ya zaɓa na ƙarfe ne, falle uku a haɗe, da wani siririn baƙin shafi a jikinsa. Takardar da ta zo da shi ta faɗi abu ɗaya da manyan baƙaƙe: a sa shi a bushe. Ba gam, ba mai, ba komai. Shafin da ke jikinsa shi ne gam ɗinsa.

Ranar Laraba gasket ya iso. Ranar kuma mahaifiyarsa, Inna Uwaliya, ta tare shi a tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Na aika wa kawunka. Gobe da hantsi zai zo ya rufe maka."

Al'ada ce ta kanikawan garin. Wanda ya koyi aiki a hannun wani, in ya buɗe wurinsa, babban injin na farko ba shi zai rufe ba. Ubangidansa ne zai zo ya ɗora gasket da hannunsa, ya yi Bismillah, ya ɗaure kusa ta farko, a yi Fatiha a raba goro. Taufiq ya yi shekara sha ɗaya a ƙarƙashin Kawu Jibirin, yayan Inna. Wata huɗu ke nan da buɗe garejinsa yana zillewa, yana cewa ƙananan gyare-gyare ba su isa a taso dattijo ba.

"Inna, wannan ba irin wanda Kawu ya saba ba ne."

"Injin ne ko jirgin sama?"

"Injin ne."

"To, shi ke nan. Ranar da aka kai mahaifinku makwancinsa, wa ya kama hannunka ya sa maka sifana? Jiya a gidan suna har ana tambayata wai ko ɗan nan ya fi ƙarfin kawunsa ne. Ni ban haifi wanda zai sa a yi da ni a gidan suna ba."

Washegari da hantsi Kawu Jibirin ya iso a kan tsohon babur ɗinsa, da tsofaffin abokan sana'a huɗu a bayansa, cikinsu har da Nata'ala mai walda, wanda bai taɓa jin maganar Kawu bai ce "gaskiya ne" ba. Taufiq ya durƙusa. An tambayi gida da iyali, da gajiya, da ruwan bana, da ciwon gwiwar Kawu, da yadda dawa ta yi a Sabon Birni. Sai da aka gama duk wannan Kawu ya naɗe hannun riga ya matso.

Ya shafa fuskar kan injin da bayan yatsa, ya gyaɗa kai.

"Aiki ya yi, Taufiƙu. Wannan ko amarya ta sa kwalli a ciki."

Sannan ya ɗauki gasket ɗin da yatsun da suka gama taɓa sarƙar babur. Kawu ya ɗaga shi sama, ya lanƙwasa shi kaɗan, ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Wannan ai gwangwani ne. Shi ka yi wa zaman makoki mako shida?"

"Gaskiya ne," in ji Nata'ala.

Kawu ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro gam. Jan gam ne, bututun ya lotse a tsakiya saboda matsa.

A nan ya kamata a yi wa Kawu Jibirin adalci, don ba wawa ba ne. Shekara arba'in yana rufe injunan da fuskarsu ta karkace kamar bakin tsohuwar ƙwarya, da gasket ɗin da ba su fi takardar ƙosai ƙwari ba. Gam ne ke cike ramukan, kuma motocinsa sun yi ta ɗaukar buhun masara suna dawowa. Abin da bai taɓa gani ba shi ne fuskar da ba ta da rami. In ba ramin da gam zai shiga, to sai ya nemi wani wuri.

"Kawu," in ji Taufiq, muryarsa ƙasa-ƙasa, "takardar ta ce wannan a bushe..."

"Takarda?" Kawu bai ko juyo ba. "Takardar ta taɓa kai kaya kasuwar Dayi ta dawo?"

Dattawan suka bushe da dariya. Ɗaya ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kamar shi ya ƙirƙiro maganar a safiyar nan.

Kalma biyu kawai ake bukata: Kawu, tsaya. Suna nan a bakin Taufiq, ya ji nauyinsu a kan harshe. Amma yana da shekara sha tara ya taɓa gaya wa Kawu a gaban mai mota cewa ya sa ringin injin a juye. Gaskiya ya faɗa, Kawu ma ya juya ringin. Da mai motar ya tafi, Kawu ya zane shi da tsohon bel ɗin fanka, ya yi mako bai amsa gaisuwarsa ba. Abin da ya ce masa a ƙarshen makon shi ne, "Ba a gyara babba a gaban mutane." Wannan karatun ya fi na sifana zama a jikinsa. Yanzu ga mutane huɗu, ga masu wucewa sun fara tsayawa, ga maganar gidan suna.

Ya haɗiye.

Kawu ya yi Bismillah ya matsa bututun. Ya shafe gasket ɗin ciki da waje kamar mai shayi yana shafa bota a burodin babban baƙo, bai yi rowa ba. Ya ɗora, aka ɗora kan injin, ya ɗaure kusa ta farko, ya miƙa wa Taufiq sauran. Taufiq ya ɗauko sifanarsa mai awo, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai, ya bi kusoshi sha huɗu daga tsakiya zuwa gefe yadda ya kamata. Da kowace ƙas yana ganin jan gam yana tsatsowa ta gefe kamar haƙorin da ke jini. Ya san yadda yake tsatsowa waje haka yake tsatsawa ciki.

Aka yi Fatiha. Aka raba goro. Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Allah ya sa albarka," kuma har zuciyarsa yake nufi. Wannan ya fi komai ƙona wa Taufiq rai.

Da suka tafi ya ɗauki guduma ya jefi bangon kwano da ita, har mai lemon da ke maƙwabtaka ya leƙo. Buɗewa ba ta da amfani. Gasket ɗin ƙarfe in an danne shi sau ɗaya ya gama aiki, wani kuma sai bayan mako shida, biki kuwa jibi. Ya ɗauko waya ya nemo lambar Mahbub. Ya daɗe yana kallon ta. Me zai ce? Kawuna ya lalata maka injin ina tsaye ina riƙe da goro? Ya mayar da wayar aljihu.

Ranar Juma'a injin ya tashi bugu ɗaya, da murya mai laushi kamar ba abin da ke cikinsa. Taufiq ya bi titin Kabo da motar a hankali, ya je har kwanar Gude ya dawo, allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Sai wani ɗan fata ya fara tsiro masa a zuci, wai ko Kawu ne da gaskiya, ko takardar ce ke da tsoro. Ya ji haushin kansa da wannan fatan, amma bai kashe shi ba. Da Mahbub ya zo karɓa, ya taka totur a tsaye, ya yi ihu.

"Injiniya! Wallahi kamar zaki! Ba matsala ko?"

"Ba matsala," in ji Taufiq, ya miƙa masa mukulli.

Ranar Asabar bayan la'asar filin ƙwallo na Kabo ya cika har kan katanga. Motocin baƙi sun yi nasu, aka tafa. Da Mahbub ya shigo sai filin ya ɗauka da ihu, don ɗan gida ne. Zagaye na farko motar ta juya kamar an ɗaure ta da igiya a turke. Na biyu ya fi. A na uku tabo ya fara fito, wani siririn kuka mai daɗi, har wani saurayi ɗan Zariya ya matso kusa da Taufiq ya ce, "Oga, kai ka haɗa wannan? Ba ni lambarka." Taufiq yana cikin karanta masa lambar, ya kai ta bakwai, sai ya ji muryar injin ta shaƙe.

Farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, irin wanda ba na taya ba. Motar ta yi tari sau biyu ta mutu a tsakiyar fili, tururi yana fita ta ƙarƙashin murfi. Ɗan Zariya ya dubi wayarsa, ya dubi motar, ya goge abin da ya rubuta a gaban Taufiq, ko kunya babu.

Wani ya yi ihu daga kan katanga, "Injiniyan Gwarzo, a kawo jaki!"

Taufiq ya ratsa fili ana yi masa tafin izgili. Ya zaro sandar awon mai, ya ga baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara. Mahbub ya fito ya buga ƙofa, idonsa jajir.

"A gaban surukan yayana! A gaban 'yan Kano! Mako shida, Taufiq! Ka ce mini na ƙarfe ba ya fasawa!"

Kawu Jibirin yana cikin 'yan gayya, da babbar riga. Ya tako a hankali ya leƙa, ya girgiza kai da tausayi.

"Yi haƙuri, ɗan Alhaji. Tun da na ga gwangwanin nan raina bai kwanta ba. Na yi iyakar ƙoƙarina na taimake shi da gam, amma abin da ba shi da asali ba shi da asali."

"Gaskiya ne," in ji Nata'ala.

Taufiq ya mayar da sandar awon mai, ya rufe murfin motar.

Aka ja motar zuwa Gwarzo. Da safiyar Lahadi Mahbub ya iso da babbar mota mai ɗaukar mota, zai wuce da ita Kano. Taufiq ya tsaya a gaban ƙofa ya ce a ba shi awa ɗaya, ya kuma kira Kawu a waya ya ce yana roƙon ya zo. Kawu ya zo da Nata'ala, da alamar wanda aka kira ya yafe laifi.

Taufiq ya yi gaisuwa a tsaye, gajeriya. Ya kwance kusoshi sha huɗu, ya ɗaga kan injin ya kifa shi a kan benci. Tsakanin silinda ta biyar da ta shida wuta ta ci hanya, baƙi ƙirin. Ya ɗauko takardar da ta zo da gasket ya shimfiɗa, ya ɗauki siririyar waya ya fara zura ta cikin ƙananan ramukan da ruwa ke bi ya sanyaya bayan injin. Daga na farko ya zaro wani jan abu mai tsawon yatsa, kamar tsutsa. Ya ajiye a kan takardar. Na biyu haka. Na uku haka. Ramuka bakwai, duk a toshe. Ya jera su a ƙarƙashin manyan baƙaƙen da suka ce a bushe.

Nata'ala ya buɗe baki, ya rasa wanda zai ba gaskiya, ya rufe.

Kawu ya ɗauki ɗaya ya murza a yatsa. Ya sunkuya ya leƙa ramukan, ya bi ƙunar da farce daga inda ta faro. Ya daɗe. Bakanike ne na gaske, ba ya bukatar a karanta masa abin da ƙarfe ya rubuta. Da ya ɗago, fuskarsa ta faɗa, kuma muryarsa ba ta da faɗa ko kaɗan.

"To kai da ka sani, Taufiƙu, me ya sa ba ka hana ni ba?"

Da zagi ya yi, da Taufiq ya jure.

"In hana ka?" Bai san muryarsa tana da wannan ƙarfin ba. "Ni in hana ka, Kawu? Na ce maka takarda, ka ce ko ta taɓa zuwa Dayi! Shekara sha ɗaya kana koya mini in ga kuskure in haɗiye! Ranar ringi da me ka biya ni? Bayana yana nan, in tuɓe maka? Ka koya mini ɗaure kusa, ka koya mini ɗaure baki, yanzu kana tambayata me ya sa bakin ya ɗauru!"

"Kai, yaro, kawunka ne fa," in ji Nata'ala.

"Baba Nata'ala, in ka sake cewa gaskiya ne a garejin nan, wallahi sai na yi maka walda a leɓe!"

Masu wucewa sun taru. Abin da Taufiq ya guje wa ranar Alhamis a gaban mutum huɗu, ga shi ya yi a gaban ashirin, kuma ba injin da ya rage da za a ceta. Kafin azahar maganar za ta riga shi isa wurin Inna.

Kawu ya zaro bututun gam daga aljihu, ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa, ya ajiye a kan benci kusa da takardar. Ya hau babur ɗinsa. Sai da ya buga sau biyar ya tashi, kuma babu wanda ya matsa ya taimaka masa.

Mahbub yana jingine da ƙofa tun ɗazu. Ya yi wa direban babbar motar alama ya matso.

"Wannan tsakaninku ne, ku ƙarasa a gida," ya ce. "Ni tambayata ɗaya. Ranar Juma'a da na ce maka ba matsala, ka riga ka sani?"

Taufiq ya dubi jajayen tsutsotsin nan bakwai.

"Na sani."

"Ka kuma ba ni mukulli." Mahbub ya gyaɗa kai. "Da tsohon nan ne ya haɗa mini ita, da na ce bai sani ba. Ku sa mata kan injin a but."

Aka ɗora ta, aka ɗaure da sarƙa, ta bi hanyar Kano.

Ranar Litinin babu wanda ya leƙo garejin sai wani manomi daga Masanawa, da injin niƙa a bayan amalanke. Taufiq ya buɗe shi ya ga fuskarsa duk rami, a karkace, irin wadda ba gasket ɗin da zai zauna mata shi kaɗai. Ya daɗe a tsaye yana huci. Sannan ya miƙa hannu kan benci ya ɗauko jan bututun da Kawu ya bari, ya matsa shi daga inda yatsan Kawu ya lotsa.

Injin yana can Masanawa yana niƙa masara, bai taɓa ɗigar da ko ɗigo ɗaya ba.